Me ƙungiyar unguwa za ta iya yi wa tattalin arzikin ƙasa? Amsa ga wani matashi daga Tudun Wada

Wani matashi daga Tudun Wadan Zariya, sakataren ƙungiyar samarin layinsu, ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Baba, mu kusan arba'in ne. Akwai teloli, da 'yan acaɓa, da malaman makaranta, da waɗanda suka gama karatu suna zaune. Kullum hirarmu tsadar rayuwa. Akwai abin da talaka zai yi da hannunsa wanda zai taimaki tattalin arzikin ƙasar nan ya tashi, ko kuwa sai dai mu zura wa gwamnati ido?"

Ɗana, na sha yawo da ƙungiyoyin gama-kai na manoma a ƙasar Zazzau, daga Giwa zuwa Soba har Makarfi, na ga waɗanda suka ɗore, na kuma ga waɗanda suka watse da gaba da zuwa kotu. Daga can zan ba ka amsa.

Bari mu fara cire abin da ya fi ƙarfinku, don kada in yi maka romon baka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. A watan Yunin shekarar aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Babu ƙungiyar unguwar da za ta gyara wannan. Haka wutar lantarki, haka tsaron da ya raba manoman yankin Giwa da Birnin Gwari da gonakinsu. Waɗannan aikin hukuma ne, kuma duk wanda ya ce maka adashi zai maye gurbinsu yaudararka yake yi.

Amma tattalin arzikin ƙasa ba wani dutse ba ne da aka ajiye a Abuja. Cinikin da ake yi ne a Sabon Gari da kasuwar birni da Samaru, a haɗa da na sauran garuruwa. Tambayar da nake so ku riƙa yi a majalisarku ita ce: idan naira dubu ta shigo Zariya, hannu nawa take ratsawa kafin ta fice? A gani na, ciwonmu bai tsaya ga rashin kuɗi ba. Kuɗin na shigowa, amma kamar ruwa a kwando.

Je ka kasuwar Giwa da kaka ka tsaya bakin hanya. Za ka ga manomi ya ɗauro buhu biyu na masara a bayan babur, tun bai sauke ba dillalai sun kewaye shi. Ana binsa kuɗin taki, ga auren 'ya an sa rana, ga kuɗin makaranta. Bai da bakin ja-in-ja, abin da aka taya shi zai karɓa. A gefe kuwa tireloli ne a jere, ana loda musu za su kai wa masu haɗa abincin kaji a wasu jihohi. To ka dawo ka same shi a watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba. Shi ɗin ne tsugune gaban mai awo yana sayen masara tiya-tiya, sau da yawa da tsadar da ta zarce yadda ya sayar nesa ba kusa ba. Wanda abin ya fi matsa wa har falle yake ci: a ba shi kuɗi da damina, ya biya da buhu in kaka ta yi, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Wannan ratar da ke tsakanin farashin kaka da na tsakiyar damina, nan ne gumin talakan karkara yake tsiyayewa kowace shekara, kuma ku na cikin gari ita ce take cin albashinku da kuɗin ɗinkinku.

Saboda haka in da ni ne ku, da rumbun tsimi zan fara. Ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun san shi. Ku tara kuɗi, ku sayi hatsi da kaka kai tsaye daga hannun manoma, ku ajiye, idan damina ta tsaya ku sayar wa 'yan ƙungiya da raunanan unguwa da riba kaɗan wadda ba ta kai ta kasuwa ba. Manomi ya sami mai saye da ba ya murɗe masa wuya, magidanci ya sami sauƙin awo, ribar ta zauna a layinku. A Nijar har gaba aka ci da shi: manomi ya kai hatsinsa sito na ƙungiya, a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na mai ba da rance, a ba shi wani kaso na kuɗin hatsin ya kashe uzurinsa, in farashi ya ɗaga a sayar ya biya ya karɓi ragowar.

Sai dai ajiya sana'a ce, kuma a nan na ga mutane da yawa sun tafka asara. Hatsin da bai bushe ba, ko a sito na zinariya ka sa shi zai yi fumfuna. Gwajin mai sauƙi ne: ka sami busasshiyar kwalba, ka zuba gishiri busasshe da ɗan hatsin, ka rufe ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar shanya. Kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango, a jera katako a ɗora. Wake kuwa, wanda ƙwari ke mayar da shi gari cikin 'yan watanni, akwai buhun PICS da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A ɗaure kowace leda daban, tam, iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Ina jaddada wannan ne don na ga gidajen da ake jefa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhu a ɗakin da yara ke kwana. Wannan ganganci ne da rai.

Akwai kuma abu biyu da dole in faɗa maka. Na ɗaya, farashi ba kullum yake tashi ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗo ƙwarai, waɗanda suka ci bashi suka cika sito da fatan ninka kuɗi suka kwana ciki. Don haka ku saya gwargwadon abin da gidajenku za su ci, in farashi ya faɗi kun ci abinku, ba ku da bashin kowa. Na biyu, malamanmu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin buƙata don a jira ya yi tsada. Ku rubuta a dokar ƙungiya tun farko cewa ana saye ne lokacin yalwa, ana buɗe sito lokacin ƙunci, kuma ku yanke iyakar ribar da ba za a wuce ba. In ba haka ba, wata rana za ku wayi gari kun zama irin mutanen da kuke zagi a majalisa.

To ina kuɗin? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku arba'in ne. A ce kowa ya zuba naira dubu a mako, dubu arba'in ke nan, a shekara miliyan biyu da dubu tamanin. Ba kuɗin kafa masana'anta ba ne, amma ya isa buhunan hatsi masu yawa, ya isa keken ɗinki ko injin markaɗe. Adashin da muka saba yana da kyau, aibinsa ɗaya: kowa ya kwasa ya kashe, kuɗin ba ya haihuwa, ranar da zagaye ya ƙare an koma inda aka fara. Matan Maraɗi ne suka nuna wa duniya gyaran wannan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da su mai suna Mata Masu Dubara, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Mata ne suke haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka amince, kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai makulli uku a hannun mutum uku daban, akwatin kuma yana gidan ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Mai buƙatar jari ta ranta ta juya ta mayar, akwai kuma ɗan asusun gefe na rashin lafiya da rasuwa. Ƙarshen shekara a raba. Hausawa ne 'yan'uwanmu, ba Turawa ba, ba kuma bankin da ya ba su sisi.

A wurare da yawa ana ɗora kuɗin ruwa a kan wannan rance, mu kuwa ba sai mun bi ta nan ba. In tela na son keke, ƙungiya ta sayo keken ya zama nata, sannan ta sayar masa da ribar da aka sani, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. In mai sana'a jari yake so, a yi ƙiradi: kuɗin ƙungiya, aikinsa, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya. Duk suna cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan birnin Zariya tun kafin a haifi kakana. Ku sami malami masani ya duba muku dokokin kafin ku fara.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi ne wanda ba a son ji. A duk ƙungiyoyin da na ga sun rushe, da wuya ka sami wadda rashin jari ya kashe. Na tuna wata a wani ƙauye, ba zan kama suna ba. Manoma ne masu himma, shekarar farko suka sayi taki a dunƙule, suka sami rangwame, kowa na murna. Shugabansu dattijo ne mai mutunci, shi ne ma'aji, shi ne kuma mai riƙe da littafi, littafin kuwa a aljihun babbar rigarsa yake kwana. Ban ce ya ci kuɗin kowa ba, har yau ban yarda ya ci ba. Amma wannan ya zo da matsalar asibiti ya ba shi, wancan suruki ne ba a iya hana shi, ba a rubuta ba, an ce "ai mun san juna". Da na nemi a karanta lissafi a taro, sai wani ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kana so a ce mun tuhumi Baba?" Shekara ta uku aka zo sayen taki, akwati ba komai, kowa na zargin kowa, har 'yan'uwa suka daina gaisawa. Kunya ce ta kashe ƙungiyar nan, kunyar tambaya. Hausawa kuwa sun riga sun ce kunyar mara kunya asara ce, ni na ƙara da cewa ko ta mai kunyar ma, in dai a kan dukiyar jama'a ce, asarar ce.

Don haka mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, shugaba kada ya taɓa ko ɗaya. A karanta lissafi kowane zama, ko da mutum biyar suka zo. Kowa na da ɗan katinsa da ake sa masa hannu. A sauya shugabanni a kan wa'adi tun ba a gaji da su ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ga kamar rubutu rashin yarda ne. Kuma ku yi hattara da kuɗin da ya zo daga sama tun ba ku yi ƙwari ba. A Nuwambar 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Kebbi, Babban Banki ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo a kan lokaci ba. Dalilan suna da yawa, har da ambaliya da rashin tsaro, amma duk wanda ya zauna da manoma ya san yadda ake kallon irin wannan kuɗi: rabon arzikin ƙasa ne, ba bashi ba. Kuɗin da maƙwabcinka ya zuba daga cinikin ƙosan matarsa kuwa, ba ka iya haɗa ido da shi a masallaci in ba ka biya ba. Ɗan siyasar da zai zo muku da "gudummawa" gab da zaɓe, ku karɓe shi da mutunci, ku ba shi ruwa, amma kada sunansa ya shiga littafin.

In kun tsaya da ƙafafunku, sai maganar sarrafawa. Zariya ta san wannan a da. Layin dogo ya ratsa ta ya isa Kano a 1911, Turawa suka kafa injin gurzar auduga a nan, daga baya masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, auduga ta tashi daga gonar Bazazzagi ta zama yadi a cikin lardinsa. Aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya: ita masaƙar Kaduna, wato KTL, a 2002, wata babbar masaƙar garin mai suna UNTL a 2007. Ba ku da ƙarfin tayar da masaƙa. Amma dubi tumatirin fadamar Galma: lokacin da ya yi yawa a rani har zubar da shi ake yi, bayan 'yan watanni kuma ya gagari miyar talaka. Ana yin kauɗa, gaskiya, amma a ƙasa ake shanya ta a bakin titi, ƙura da awaki na bi ta kai, shi ya sa ba ta da daraja. A ɗaga ta kan gadon waya, a rufe da leda mai haske, a zuba a leda mai tsabta, ta zama kayan da za a kai kanti. Haka man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da matan aure ke yi a cikin gida: abin da ke cinye ribarsu shi ne sayen gyaɗa da waken suya tiya-tiya a hannun mai awo. Ƙungiya ta saya musu buhu, riba ta canja nan take. Kada ku kafa ƙungiyar maza zalla ku manta da su, don ni dai a abin da na gani, mata sun fi mu biyan bashi.

Kada ka raina irin wannan. Kamfanin madara na Amul a Indiya ya faro ne a 1946 a garin Anand, da ƙananan makiyayan da suka gaji da yadda 'yan tsakiya ke yanka musu farashi. Kowa ya kawo 'yar madararsa safe da yamma, a auna, a gwada maiƙonta, a biya shi. Yau makiyaya sama da miliyan uku ne suka mallake shi, Indiya kuma ta fi kowace ƙasa samar da madara. Mu kuwa ga cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a Shika, ga matan Fulani na yawo da ƙwarya a rana, ga madarar gari daga waje a kowane shago.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke ba ni takaici da garin nan. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru. Irin masara na SAMMAZ, gyaɗa SAMNUT, dawa SAMSORG, wake SAMPEA, duk "SAM" ɗin nan Samaru ce. A ƙarshen 2019 aka fitar da SAMPEA 20-T, waken da ke jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda ke rage yawan feshi, ko da yake akwai masu ja da shi don an sarrafa ƙwayar halittarsa, kuma ya kamata manomi ya san haka kafin ya shuka. Ga NAERLS mai wayar da kan manoma, ga cibiyar fasahar fata, duk a Samaru. Mutane na tasowa daga jihohi masu nisa su sayi iri, amma akwai manomi a bayan Dogarawa da bai taɓa taka ƙofar wurin ba. Malaman gona sun yi ƙaranci ƙwarai. To ga aikin 'yan ƙungiyarku masu takardar digiri a ƙarƙashin katifa: biyu ko uku su je su koyi yadda ake ninka iri da yadda ake feshi bisa ƙa'ida, su zama su ne tsani tsakanin Samaru da ƙauye. Sana'a ce da ake biya.

Teloli da masu shago a cikinku, ku leƙa Sabon Gari ku ga yadda Inyamurai ke yi da yaransu: shekarun koyo sanannu ne, ranar sallama maigida ya ba yaro jari ya buɗe nasa. Mu sai yaro ya yi furfura a shago ana kiransa yaro. Ku sa wa'adi, ku rubuta, iyaye su shaida. Masu fitar da zakka kuma, maimakon a raba ta dubu bibbiyu ta ƙare a cefanen yini ɗaya, a duba mutum ɗaya ko biyu a ba su abin da zai zama jari.

Ban ce ku ƙyale gwamnati ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata. Ku nemo na Zariya, ku gayyaci kansilanku zama, cikin ladabi. Kada ku ce masa "a taimaka wa matasa", wannan ba ta da kai ba ta da gindi. Ku ce kwalbatin layi kaza da ke hana mota shiga da kaya, ko wurin da za ku yi sito. Mutum arba'in masu rajista da littafin lissafi na shekara guda, ana sauraronsu dabam da mutum arba'in masu ƙorafi a kan benci.

A zamanku na gaba kada ku yi maganar inji ko rajista tukuna. Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ku sa wa shafukansa lamba don kada a yage ko ɗaya, ku zaɓi masu makulli uku waɗanda ba gida ɗaya suka fito ba, ku yanke zubin da ɗan acaɓan cikinku zai iya ko a makon da babur ya lalace. Wasu za su zame a wata na biyu, ku bar su su tafi da kuɗinsu cif, ba tare da faɗa ba. In kun cika wata shida, ka kawo mini littafin in duba, daga nan mu yi lissafin buhu nawa za ku iya saya kafin masarar bana ta shigo kasuwa.